Jaririn da muka ɓoye a site

Akwai ranar da ko tsufa ya taɓa mini hankali ba na jin za ta fita daga raina, ita ce ranar da aka kama mu da jariri a ginin ƴan mata na jami'a, a nan Maraɗi. Shekaru sun ɗan ja, na gama karatu, na yi aure, na haifi nawa, amma har yau in abin ya faɗo mini sai tsigar jikina ta tashi.

Ni ƴar Jiratawa ce. Babanmu manomin rani ne, mai tattasai da albasa da zogale a bakin gulbi, kuma tun ranar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya kafa mini sharaɗi. Ya ce in ban samu gado a site ba, wato gidajen kwanan ɗalibai da ke cikin jami'a, to in zauna in taya inna tsinkar zogale. Ba zai kama wa budurwa hayar ɗaki a cikin gari ba. Gidan ƙanwarsa na Sabon Gari kuwa ni da kaina na ce a'a, don duk wadda ta je can da sunan karatu, wanke-wanke da raino take ƙarewa da su. Allah ya taimake ni na samu gadon. Shi ya sa na san gado a site ba katifa ba ce kawai, ga irinmu shi ne karatun gaba ɗaya.

A ɗakinmu akwai wata baiwar Allah ƴar Tibiri, matar aure, ta ɗan girme mu, tana shekararta ta ƙarshe. Mace ce mai sanyi, sai ta wuni ba ka ji muryarta ba. Da aka dawo daga babban hutu sai ga ta ta shigo cikin wani zumbulelen hijabi har ƙasa, ana wannan zafin. Muna rufe ƙofa ta yaye shi, sai ga jariri a bayanta yana barci, ya yi sharkaf da gumi.

Na ce, "Innalillahi! Yaya, kin san doka kuwa?"

Ta sani sarai. An hana zama da yaro a ginin, kuma duk wadda aka kama, gadonta ya tafi. Mijinta yana ci-rani a arewa. Dangin mijin sun ba ta zaɓi biyu, ko ta cire yaron daga nono ta bar wa kakarsa a Tibiri, ko ta ajiye karatun. Zuwa da komawa kullum a kan kabu-kabu da jariri a baya, cikin rana da ƙurar manyan motoci, ba abin da za ta iya ba ne, hayar ɗaki kuma ba ta da halinta. Tana faɗa mana tana kallon ƙasa, ba ta ko roƙe mu ba. Mu muka dubi juna muka ce ya zauna.

Kafin a yi nisa duk ginin ya sani, amma maganar ba ta taɓa tsallake ƙofar waje ba. Wallahi har yau ina mamakin wannan, ƴan mata cike da bene, masu faɗa a kan layin pampo da aron guga, a ce sun riƙe sirri ɗaya! Duk wadda ba ta da darasi ita ke goyo. In uwar tana anfi, wato babban ɗakin karatu, yaron ya yi ta yawo daga ɗaki zuwa ɗaki, yau bayan Bazabarma, gobe bayan Bafillata. Tsummokinsa a cikin ɗaki muke shanyawa, a ƙarƙashin zannuwanmu. In ya tsala kuka sai ka ji an ƙure waƙa a waya, wasu su kama shewa kamar ana biki. Ya yi ɓul-ɓul, ba ya ƙyuya, kowa ta miƙa hannu zai je.

Wadda muke tsoro ita ce Madam, mai kula da ginin ƴan mata. Dattijuwa ce doguwa, mai tabarau, ba wanda ya taɓa ganin haƙorinta. In ta kama resho a ɗaki, abin da muke dafa taliya da shi a ɓoye, ko kukan jini za ki yi sai ta tafi da shi. Saboda ita ne wata ƴar Sabon Gari mai karatun shari'a, wadda muke kira Lauya don bakinta ba ya mutuwa, ta tara mu ta kawo dabara.

Ta ce, "Ku saurara. In asiri ya tonu, kowace ta ce nata ne. Za ta kori gini guda? Ai dole sai ta san uwa kahin ta yi hukunci."

Muka yi ta tafa mata, muna ganin mun gama da Madam.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, kuma yaron yana bayana. Ina tsaye ina jijjiga shi ina bitar darasi, ƙofa a buɗe saboda an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, zafi kamar a gasa mutum. Ban ji takun kowa ba. Ina juyowa sai ga Madam a bakin ƙofa, ta zo duba wani pampo da ya fashe. Shi kuwa ja'irin, maimakon ya yi shiru, sai ya leƙo ta kafaɗata ya yi mata dariya. Gadona na fara tunawa, da fuskar babanmu.

Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in kwance shi, ta karɓe shi, ta sa aka kira duk wadda ke cikin ginin zuwa tsakar gida, ƙarƙashin inuwar itacen bedi. Uwar ma ta dawo daga darasi kenan, ta shigo cikinmu da littattafanta a hannu. Madam ta ɗaga yaron ta ce, "Wanga yaro na wa ne?"

Tunda a bayana aka gan shi, na ce, "Nawa ne, Madam."

Sai na ji Lauya a gefena ta ce, "Nawa ne." Wata daga baya ta ce nata ne. Daga nan abin ya kama kamar ana amsa waƙa, daga gaba, daga baya, har da waɗanda ke leƙowa ta saman bene. Akwai wata ƴar Yamai, Kirista, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ita ma ta dafa ƙirji ta ce, "Nawa ne." Ƴan matan da ko saurayi ba su da shi, kowace ta san abin da wannan kalma za ta iya jawo mata in ta kai gida, amma suka faɗa. Na tsaya hawaye na zubo mini, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba.

Madam ta bari muka gama. Sannan ta fara bin mu ɗaya bayan ɗaya, yaron a kafaɗarta, tana tambayar kowa a hankali, kowa na ba ta amsa iri ɗaya. Har ta iso kan ƴar Tibiri.

"Ke fa? Naki ne?"

A nan dabarar Lauya ta rushe, kuma ba wadda ta hango haka a cikinmu, alhali duk mun tashi mun ga iyayenmu mata suna yi. Ɗan fari ne. Mace mai kunya ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta dubi idon babba ta ce ɗana ne. Mu da muke ƙarya bakinmu bai yi nauyi ba. Ita da za ta faɗi gaskiya, gaskiyar da za ta ɓoye ta a cikinmu, ta kasa. Ta ja bakin mayafi ta rufe baki, ta kau da kai gefe, ko kallon yaron ba ta yi ba. Na ga Lauya ta ɗora hannu biyu a ka.

Madam ta ce, "To, ga uwar."

Sannan ta ce doka ba ita ta yi ta ba, kuma doka ce mai dalili. Bene ne, ga wayoyin kuran a ko'ina, ga resho da muke ɓoyewa muna tsammanin ba ta sani ba, in wani abu ya samu yaron wa zai amsa? Ta ce daga yau ba zai ƙara kwana a ginin ba. Hawayen uwar na ɗiga a kan littattafanta. Lauya ta yunƙuro ta fara cewa in an kore ta to duk mu tafi, Madam ta ce, "Ke, ruhe mini baki, nan ba kotu ba ce."

Sai ta miƙo mini hannu ta ce in ba ta zanen goyon. Na ba ta ban san me za ta yi da shi ba. Matar nan da muke gudu, da tabarau ɗinta da makullai a ƙugu, ta sunkuya ta wurga yaron a baya da hannu ɗaya, ta ja zane ta ɗaure tamau, kamar jiya ta sauke goyo. Shi kuwa ya lafe abinsa. Ta dubi uwar ta ce, "Kwaso kayanki ki biyo ni."

Muka bi su a baya, wannan ta ɗauki akwati, waccan ta ɗauki bahon wanka, ba mu san inda za a je ba. Ni dai na ɗauka bakin titi za ta raka ta. Sai muka ga ta yi bayan resto, inda ɗalibai ke cin abinci, ta nufi gidajen ma'aikata. Ta buɗe gidanta, ta tura ƙofar wani ɗaki mai gado da taga, ta ce wa ƴar Tibiri a nan za ta zauna har ta gama. Sannan ta juyo ta same mu cunkushe a bakin ƙofa, baki sake.

Ba mu tambaye ta dalili ba, wa ke da wannan ƙarfin hali? Ita ce ta faɗa, kuma wannan shi ya fi komai girgiza ni, dattijuwa kamarta ta yi maganar ɗan farinta a gaban yara. Ta ce, "Ni nawa yana jinjiri na cire shi daga nono, na kai wa uwata ƙauye, na tahi Yamai karatu. Na samu takardar. Yanzu ga shi nan da gemu, in ya kira ni a waya Yaya yake ce mini." Ta gyara ɗaurin zanen. "Ba za a sake yi wa wata haka ina kallo ba."

Ƴar Tibiri ta durƙusa ta kama ƙafarta tana kuka, wannan karon da murya. Mu ma duk muka ɓarke. Madam ta bar mu muka ɗan yi, sannan ta haɗe rai kamar yadda ta saba, ta ce, "Ku kuma da kuka ce naku ne, na ji da kunnena. Ni ina da aiki. Duk wadda ba ta da darasi ta zo ta ɗauki ɗanta."

Haka kuwa aka yi. Gidan Madam ya koma kamar wani sashe na site, muna shiga muna fita. Ba ta fasa ƙwace mana resho ba ko sau ɗaya, amma a murhunta muke dama wa yaron kunu. Ƴar Tibiri ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe tana shayarwa, ta ci, ta koma gida da takardarta a hannu da ɗanta a baya.

Abin da na koya a wannan rana shi ne, mu ƴan mata mun so mu ceci ƴar'uwarmu da ƙarya, kuma har yau ba na jin kunyar ƙaunar da ta sa mu yin haka. Amma Madam ta nuna mana hanyar da ta fi tamu. Ba ta karya doka ba, ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma ce ba ruwanta ba. Ta ɗauki nauyin ta ɗora wa kanta, a gidanta. Tun daga ranar na daina cewa wane ba shi da tausayi don kawai ba ya dariya, domin ban san abin da ya rasa ba kafin ya zo inda na gan shi.