Ranar da Rabe Ya Kwance Kwano

Da fushi sana'a ce, da Rabe mai facin keke a Dutsin-Ma ya je Makka da ita ya dawo da haƙorin zinare. Jikan Fulanin Kurfi ne. Kakansa ya yi suna wajen kora shanu daji duk ranar da masu jangali za su zo, ya bar musu akuya gurguwa su ƙirga. Rabe bai gaji ko maraƙi ba, karatun kawai ya gada: abin da hukuma ta gani, shi take ci.

Duniyarsa duka gidan ƙasa ne da mahaifinsa ya gina tun wurin ba kowa sai kura da ƙaya. Yau titin jami'a ya ratsa ta ƙofarsa, gidajen hayar ɗalibai sun kewaye shi kamar an kama ɓarawo. Abin taƙamarsa ɗaya, rufin kwano.

Da ya ji masu sabon harajin gidaje na tafe, sai ya hau tsani da guduma.

"Malam, akwai hadari fa a gabas," in ji matarsa Turai.

"Hadari ba ya yanka haraji! Riƙe mini tsanin."

Ya kwance kwanon tas, ya kai gidan surukinsa a Kutawa, ya lulluɓe ɗakuna da kara da buhuna. Ya sa rigar da ko ɓera ba zai kwana a ciki ba, ya zauna a ƙofa yana tarin ƙarya.

Ma'aikatan suka iso, ko ɗaga kai ba su yi ba. Babbansu, Naziru, ya ja igiyar awo daga bakin titi har bayan gida.

"Kai, ɗan nan, dubi sama mana! Ka ga kwano?"

"Baba, yanzu ba gini ake dubawa ba, darajar fili ce. Naka bakin titi ne, ajinku ɗaya da Alhajin benen can."

"Aji ɗaya? Ni na kira titin? Ni na kira jami'ar? Shi yana kwance haya na zuba, ni ina hura taya har idona ya yi ja! Darajar nan, nuna mini inda take, in gutsura wa Turai ta sa a miya!"

Naziru ya nannaɗe igiyarsa. "Umarni ne, Baba."

Kafin Rabe ya samo motar da za ta dawo da kwano, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Bangon ɗakin mahaifinsa ya sha ya ƙoshi, ya zauna. Ga haraji, ga gini, faci kuwa ba ya ɗaukar kaya biyu.

Alhajin benen, da ya daɗe yana zawarcin filin, ya aiko da jaje, dillali na biye. Rabe ya kori dillalin da famfon keke har bakin kasuwa. Da ruwa ya fara lasar ɗakin Turai, da ƙafarsa ya je ya nemo dillalin.

Rabin gidan na gaba ya tafi hannun Alhaji, an jera shaguna. Yanzu ta wani siririn lungu Rabe ke shiga gidan ubansa, a karkace, yana tsine wa titi.