Makaɗin Da Ke Cire Takalmi

Kullum da hantsi shi ne na farko da ke tura ƙofar ɗakin gwajin waƙa. Kafin ya kunna fitila sai ya cire takalmi ya ajiye bayan ƙofa, kamar mai shiga gaida surukai. Sannan ya zauna bayan gangunansa, ya goge fayafayan tagulla da tsohuwar riga, ya jera sanduna biyu a dama, 'yan tsintsiyoyin waya biyu a hagu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki, sha tara daga ciki a bayan mawaƙiya ɗaya. Kowa a ƙungiyar Kawu yake ce masa, har wanda ya girme shi.

Mawaƙiyar kam kun san ta, ko ba ku san fuskarta ba kun ji ta a motar haya. Ita ce mai waƙar da ke farawa da hargowa, jita na kuka, ƙaho na keta iska, kiɗan jaz da na rok sun sarƙe kamar 'yan kokawa, sai kwatsam komai ya lafa, ya rage muryarta kaɗai, siririya, tana lallashin wanda ya tafi. 'Yan jarida sun ƙarar da tawada a kan wannan saukar, amma ba wanda ya tambayi wa ke sauke ta. Kawu ne. Cikin numfashi ɗaya yake sakin sanduna ya ɗauki tsintsiya, tsawa ta koma yayyafi. In ya makara da ƙiftawar ido, ganga ta binne muryar. In ya yi gaggawa, mawaƙiyar ta taka rami. Ga shi ba ta sauka wuri ɗaya sau biyu, sai inda zuciyarta ta ce.

Abin da ko 'yan ƙungiyar ba su sani ba, kunnensa na hagu ya mutu tun shekara shida, na dama kuma yana bin sawu. Likita bai ɓoye masa ba: duk zaman da zai yi a gaban fayafayan nan, yana gutsurar ɗan abin da ya rage. Ko ganga, ko muryar iyalinsa, ba zai tsira da duka biyun ba. Matarsa kaɗai ta san zancen.

“Ni fa na gaji da hira da bango,” in ji ta, tana tsaye ta damansa, don nan ne kawai magana ke shiga.

“Bangon da ke cinye miki abinci tas, ai ba bangon yarwa ba ne,” ya ce. Ba ta yi dariya ba.

Shi ya sa yake cire takalmi. Da tafin ƙafa yake jin gurnanin babbar jita yana bin katakon ƙasa. Da ido kuma yake gadin kafaɗar mawaƙiyar ta hagu, domin tana ɗagawa kaɗan duk lokacin da za ta sauka. Ita kanta ba ta san tana yi ba.

Asirin ya tonu ne wata la'asar, ana tsakiyar ɗaukar sabon faifai. Mai haɗa sauti, da kyakkyawar niyya, ya shimfiɗa kafet mai kauri a ƙarƙashin gangunan, ya kuma gitta allon katako tsakanin Kawu da mawaƙiyar don kada kiɗa ya faɗa makirufonta. Kawu ya dubi kafet, ya dubi allo. Aka fara. Ƙafa ba ta jin komai, ido ba ya ganin komai sai katako. Mawaƙiyar ta sauka, jita ta yi shiru, ƙaho ya yi shiru, shi kuwa yana ta luguden ganga shi kaɗai, gumi na ɗiga, har sai da Dogo mai ƙaho ya zagayo ya dafe faifan tagullar da hannu.

“Kawu, mun sauka tun tashar baya, kai kaɗai ka zarce da motar.”

Kawu ya yi murmushin wanda bai ji ba. Mawaƙiyar ta zagaya bayansa ta hagu, ta kira shi sau uku. Bai waiwayo ba. Sai ta dawo gabansa ta durƙusa.

“Tun yaushe, Kawu?”

Ya karanta a leɓenta. “An ɗan kwana biyu.”

“Tun yaushe?”

“Shekara shida. 'Yar nan, kuka ba ya cikin waƙar. A naɗe kafet, a ɗauke katakon nan. Saura waƙa huɗu.”

Ta ce a tsaya, a nemo wani. Aka nemo makaɗa biyu, gwanaye ne kuwa, amma kowannensu lissafi yake yi, ita kuma ba a lissafa ta. Duk saukar da aka gwada sai ta fashe. Rana ta uku Kawu ya shigo ba wanda ya kira shi, ya cire takalmi, ya zauna. Ba wanda ya iya kallon idonsa ya ce tashi. Gaskiyar magana, ba wanda ya so ya ce, domin kowa faifan yake so. Kwana tara ya yi yana kaɗawa. Ranar da aka gama, ya fito titi ya ga bakin mutane na motsi, motoci na wucewa shiru kamar kifi a ruwa.

Ban san ko jarumta zan kira wannan ko ganganci ba. Matarsa ta fi ni sanin sunan da ya dace da abin. Da Dogo ya kai musu faifan, ta juya bayansa ta tarar da sunan mijinta da ƙananan baƙaƙe, ƙasa da na telan da ya ɗinka rigar mawaƙiyar. Ta ce, “Waƙa huɗu ke nan kuka saya da kunnen da nake magana a ciki.” 

Kawu, kai ne bishiyar da aka sha inuwarta aka manta da ita. Kai ne ka riƙe wa murya tsani shekara sha tara, ta hau ta sauka ba ta taɓa zamewa ba, aka tafa wa mai hawa. Masoya nawa suka shirya a kan wannan yayyafin naka, zawarawa nawa suka yi kuka suka sami sauƙi, ba su san da kai ba?

Makon jiya mawaƙiyar ta je gidansa da rana. Ta zauna a tsakar ɗaki, ba makirufo ba kowa, ta rera masa waƙar ƙarshe tun daga hargowarta. Yana buga gwiwa da yatsu. Kafaɗarta ta ɗaga, yatsun suka lafa daidai wurin, suka koma shafa.

“Ka ji, Kawu?”

“Na gani,” ya ce.

Mun gode, Kawu, ko da yake godiyar ta zo bayan ƙofar da za ta shiga ta rufe. Shi ya sa na rubuta ta, don idonka ya karɓa. Ku kuma masu aiki a bayan wani, ku koyi tsare amana irin tasa. Masu tsayuwa a gaba, ku riƙa waiwaye tun na bayanku yana jin kira. In waƙar nan ta zo muku a rediyo, ku saurari inda tsawa ta koma yayyafi. Mutumin da ya yi wannan yana nan da ransa, zaune kusa da matarsa, tana rubuta masa a takarda abin da take so ta ce.