Tabon da Ya Sauya Kunci

A unguwarmu in an ce Mai Sharhi, kowa ya san wanda ake nufi, amma asalin sana'arsa aski ce. Shagonsa ɗan ƙarami ne: kujera ɗaya mai juyawa, benci, babban madubi, sai talabijin da aka kafa a bangon baya domin masu jiran layi. Ran Asabar da la'asar, lokacin da shagon ya fi cika, ake nuna wasan nan mai dogon zango na jarumin da ke tashi sama yana ɗaga mota da hannu ɗaya. Shi kuwa yana da doka: matuƙar aska tana hannunsa, ba ya ɗauke fuska daga kan da yake askewa. Saboda haka duk shekarun da aka yi ana wasan, ta cikin madubi ya kalle shi.

Bakinsa ne ya kai shi rediyo. Manajan wata ƙaramar tasha ya zo aski, ya ji yadda yake warware wa mutane labarin, sai ya ba shi ɗan fili ran Lahadi. Tun daga nan, duk sa'ad da wasan ya dawo da sabon zango, shi ake jira ya faɗi ko ya yi armashi ko an ɓata wa jama'a lokaci.

Da girma ya kama shi, hannu ya soma rawa. Ranar da ya yanki kunnen wani tela, ya wanke askarsa ya miƙa wa ƙanensa shagon. Rediyon kaɗai ya rage masa, ga shi wasan ma ya gundure shi.

"Kullum duniya za ta tashi, kullum a cece ta," in ji shi ga matarsa. "Su ba sa gajiya, ni mai kallo na gaji."

"To ka bari mana, maigida."

"In na bari, ina zan sa hula in nufa?"

Shi ma manajan ya fara cewa masu sauraro suna son sabuwar murya. Ya ce a ga yadda wannan zangon zai kaya tukuna.

A ƙarshen zangon bara an binne jarumin. Bana sai ga shi ya dawo da ƙafafunsa. A gida Mai Sharhi ya kalli fitowar farko, yana zaune gaba da gaba da talabijin, abin da bai taɓa yi da wannan wasan ba. Nan ya ga abin da ya wartsake shi: tabon da ya sani a kuncin hagu na jarumin ya koma dama.

Ran Lahadi ya shiga fili da ƙarfinsa. Ya ce wannan ba jarumin ba ne, sojan gona ne, kuma shi da ya shekara yana duban fuskokin mutane ba za a ruɗe shi da tabo ba. Kafin a rufe shirin, masu bugo waya sun yi masa ca. Wata ta tambaya ko a ba Baba tabarau.

Bai ja da baya ba, har Asabar ta zagayo ya je ƙanensa ya rage masa gashi. Yana zaune a kujera, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, aka fara wasan. Ya ɗaga ido ya dubi madubi. Ga tabo nan a hagu, inda ya bar shi.

"Yaya, ka tsaya cik, za ka sa in yanke maka kunne."

"Yanki abinka," in ji shi. "Wanda ya shekara yana kallon duniya a juye, me kunne zai ƙara masa?"

Washegari ya faɗi gaskiya a rediyo, bai rage kome ba. Manajan ya yi dariya har da hawaye, sannan ya raka shi bakin ƙofa, ya riƙe masa hannu, ya ce, "Baba, ka ƙarasa mana zangon nan, sai ka huta." Mai Sharhi ya gyaɗa kai. Bai roƙi ƙari ba.

Da Asabar ta sake zuwa, ya tarar matarsa ta ciro madubin ɗakinta ta jingine shi a kan tebur, ta juya kujerarsa ta ba talabijin baya.

"Zauna," in ji ta. "Tun da saura kaɗan, ka ƙarasa da mutumin da ka sani."

Ya cire hula ya zauna. Jarumin ya taso ta cikin madubi, da tabonsa a hagu, zai je ya ceci duniya kamar yadda ya saba.