Lallen Inna ya koma bayan gari

Mun tashi da asuba daga Ngawundere, ni da ƙanwata, sanyi na ratsa mu har ƙashi. Tun daga gida har tashar mota take mita: wai mace da hankalinta, biki ya matso, ta bar tulin aiki ta kama hanyar Garwa saboda ganyen lalle, alhali ga shi nan a kasuwa ana aunawa da kwano. Na ƙyale ta. Ita ma da wannan lallen aka kai ta ɗaki, mantawa ta yi.

Ku da kuke ta tambayar me ya kai ni Garwa a tsakiyar zafin nan, ga dalilin. Inna, mahaifiyarmu, ta dasa lalle a gindin rijiyar gidanmu tun tana amarya. Duk 'yar da aka aurar daga gidan nan, da ganyensa aka sa ta a lalle, kuma Inna ce ke tsinkowa da hannunta, ta shanya, ta daka. Bayan rasuwarta aka raba gado, 'yan'uwanmu maza suka sayar da gidan, suka ce mai sayen ba yanzu zai taɓa shi ba. To ga auren 'yata ya zo, ita kaɗai Allah ya ba ni mace. Na sa a raina, tunda hannun Inna ba zai taɓa ta ba, lallenta sai ya taɓa ta.

Da muka fara gangara babban tudun nan da ake kira falez, manyan motocin shanu na rarrafe a gabanmu, kowa a motar ya tuna da salati. Muna isa ƙasa aka fara tuɓe rigunan sanyi. A Mbe mata suka yanyame mu da doya, ƙanwata ta taya, ta ji farashi, ta mayar da kanta cikin mota ba ko sallama. Daga nan sai ramuka. Direban na kauce wa ɗaya ya faɗa ɗan'uwansa, har muka kai Ngong, inda buhunan gyaɗa da masara ke jibge a bakin titi.

Garwa ta tare mu tun ba mu kai inda na san ta ba. Kafin gada, wuraren da na bari gonakin dawa duk sun zama gidajen bulo, rodi a tsaye kan rufi yana jiran ranar da mai gida zai samu halin ɗora bene. Binuwai ta janye, ga motoci a cikin cikinta ana loda musu yashi. Kogin ma kwasarsa ake yi ana gina gari da shi.

Na ce wa mai moto, ɗan acaɓa ke nan, ya kai mu gindin tsamiya. Ya dube ni ya ce, "Madam, wane karefur?" Wace mahaɗar titi yake nufi. Ashe tsamiyar da duk unguwa ke kwatance da ita an sare ta tun ba yau ba. Da masallacin layinmu na gane hanya, shi ma ya sha fenti da tayil har na yi masa kallon baƙo.

Gidanmu babu shi. Bene ne a wurin, ƙasansa shaguna: mai wayoyi, mai kayan gini, mai aski da kiɗa kamar zai tsaga bango. Na auna da ido daga ƙofar masallaci, na gane inda rijiya take. An rufe ta da siminti an ɗora janareto a kai. Ba ganye ko ɗaya. Na zo da shirin in roƙi mai gida ya bar ni in tsinki lalle, har na tsara kalaman da zan faɗa, sai ga shi babu wanda zan roƙa. Wallahi ji na yi kamar yau aka fita da Inna. Ƙanwata mai mitar nan kuwa ita ta riga ni fashewa da kuka.

Abu ɗaya ne bai gusa ba a layin: tukubar tsohon mahaucin da muke sayen tsire a wajensa muna yara. Ya ƙura mana ido, ya ajiye wuƙa.

"Kai! 'Ya'yan Hajja ne? Jam na? Kuna lafiya? Kun zo an watse. Kowa ya sayar ya koma bayan gari."

Na tambaye shi lallen. Ya yi dariya ya ce in tambayi Marta, don ranar da aka zo rushe gidan ita ta tsaya gaban masu gini da fartanya, ta ce ba mai taɓa rijiya sai ta gama abin da ya kawo ta.

Mama Marta maƙwabciyarmu ce, Kirista, daga duwatsun wajen Mokolo. Ɗaki take haya a bayan katangarmu, tana sana'ar man gyaɗa. Ta zo Garwa ba Fulatanci ba Faransanci, Hausar kasuwa ma ta kan katanga Inna ta ƙarasa koya mata. Mahaucin ya ce ɗanta ya sayi fili can bayan unguwar Jambutu, iyakar abin da ya sani ke nan. Muka ci tsirensa, wanda ya rame kuɗinsa kuma ya yi ƙiba, muka kora da folere mai sanyi, zoɓo ke nan a bakin mutanen Garwa, muka sake hawa moto.

Kwalta ta ƙare, gari bai ƙare ba. Nan ne dajin da muke zuwa itace da tsintar magarya, yau layi ne bayan layi, gidaje ba filasta, wasu ba tagogi an toshe da kwano, amma da mutane a ciki har da shanya. Ruwa a jarkoki ake turowa a amalanke. Ba bishiyar da za ka fake, balle ka yi kwatance da ita. Duk wanda muka tambaya amsarsa ɗaya: "Ban san ta ba, ni ma sabon zuwa ne." Mu da muka taso a layin da in akuyarka ta ɓata kowa ya san sunanta, abin ya ba ni tausayi. La'asar ta yi, ƙafafunmu sun kumbura, ƙanwata ta ce mu haƙura.

Mun juya ke nan iska ta kaɗo, na tsaya cak. Wanda ya taso a gidan da lalle ke fure ba ya manta wannan ƙamshin. Na bi shi kamar akuya ta ji dusa, har bakin wata gajeriyar katanga da kore ya leƙo ta kanta.

Mama Marta ta tsufa, ta rankwafa, amma muryar na nan. Ta rungume mu tana kiran sunayenmu na yarinta. Lallen kuwa ga shi a bakin ƙofar ɗakinta, ya fi ni tsawo. Saiwarsa ta tono, ta rungumo shi a kan moto, kuma daga ruwan da take saye na sha take raba masa.

Na ce, "Mama, ke da ba kya ƙunshi, me ya haɗa ki da wannan wahala?"

Ta ce, "'Yata, a kartiyen nan, duk faɗin unguwar, ban san kowa ba. Ina so in na buɗe ƙofa da safe in ga wanda na sani."

Na gaya mata abin da ya kawo mu. Da ta ji batun bikin, ta hana ni taɓa itacen. Ita ta tsinka, daga ƙasa tana barin toho, yadda Inna ke yi, har ta cika mini ɗankwali. Ta yanko reshe ta dasa a gwangwanin tumatir, ta ce in kula, sanyin garinmu ba ya raga wa lalle.

Washegari muka hau falez, ana mayar da rigunan sanyi, gwangwanin na kan cinyar ƙanwata, ta hana kowa matsowa kusa. Na tafi ina ganin gida shi ne katanga da rijiya, na dawo na san cewa in gari ya haɗiye su, abin da ya rage yana hannun waɗanda aka zauna da su lafiya.

Jiya aka sa 'yata a lalle. Da aka kwance mata ƙunshi ta miƙo mini tafukanta, sun yi jan nan mai duhu irin na gidanmu. Na riƙe hannun na daɗe ban sake ba, har mata suka fara tsokanata wai uwar amarya ba ta son rabuwa. Ban gaya musu hannun wa nake riƙe da shi ba.