A'ar Munzali

Munzali Sada ya yi shekara tara yana buga takardu a wani shago kusa da tashar mota a Daura kafin ya koyi haɗa shafukan intanet ta waya. Mutum ne mai son Hausa, ko sunayen da yake sa wa ayyukansa a cikin kwamfuta da Hausa yake rubuta su. Shi ya gina wa wata ƙungiyar manoma shafin rajistar irin gero.

Ranar Litinin shugaban ƙungiyar ya yi ƙorafi kan masu dawowa su karɓi iri karo na biyu. Munzali ya rubuta ɗan umarni, abin da masu sana'ar ke kira fankishin, wanda zai duba suna ya dawo da amsa: an yi wa mutum rajista ko ba a yi ba. Ƙa'idar aikin ita ce amsar ta zama true ko false, wato gaskiya ko ƙarya. Shi kuwa ya sa ta dawo da "eh" ko "a'a".

Washegari wanda ya fara zuwa shi ne Malam Lado, dattijo daga garin Babban Mutum, ya hawo babur tun sassafe. Munzali ya shigar da sunansa, allo ya ce an riga an yi.

"Baba, ai ka karɓa."

"Ni? Yau na fara taka ofishin nan, ɗana."

"Na'ura ba ta ƙarya, Baba. Ku ne ake magana a kanku jiya."

A gaban mutum goma sha ɗaya ya faɗi haka. Dattijon ya gyara hularsa ya fita.

Na biyu ma allo ya ce an yi. Na uku ma haka. Talatu, sakatariyar ƙungiyar, ta jawo kwamfutar ta rubuta sunan akuyarta.

"Malam Munzali, ashe Kyalla ma ta karɓi iri? Ba ta gaya mini ba."

Layi ya kwashe da dariya. Munzali ya buɗe rubutunsa, nan take ya gano. Sharaɗin da ke duba amsar ba ya jin Hausa. Kowace kalma aka miƙa masa, muddin ba fanko ba ce, gaskiya yake ɗaukarta. "A'a" ɗin ma eh ce a wurinsa. Gyaran bai ci minti biyu ba.

Ranar Laraba ya ɗaura buhun irin a babur ya nufi Babban Mutum. Ya iske Malam Lado a ƙofar gida da maƙwabtansa, ya durƙusa ya yi bayani a gabansu, bai rage komai ba.

"To ni na ce a'a, na'urar ma ta ce a'a," in ji dattijon. "Wa ya ce eh ke nan?"

"Ni ne, Baba."

Malam Lado ya sa aka shigar da buhun, aka kawo wa baƙo ruwa. Munzali ya sha, idonsa a ƙasa.