Ƙanen Mijina da Kibod ɗin Ɗiyata

Shekarar da ɗiyata za ta gama jami'a a Aliero, ta zo mana gida Karaye ta Maiyama da laftof ɗinta don ta ƙarasa rubuta furojet. Malaminta ya ce in ba ta kai ba kafin ya yi tafiya, sai dai ta jira baɗi. Tana cikin aiki kunun tsamiya ya kife a kan kibod, madannan suka manne.

Ƙanen mijina yana gyaran babur a tashar Maiyama, kuma tunda nake bai taɓa cewa bai iya abu ba. Ya shigo gaisuwa ya tarar tana kuka.

"Kawo nan, ɗiyata. Inji duk inji ne."

Na ce a hankali, "Malam, da an kai ta Jega wurin masu gyaranta."

"Matar yaya, mi kika sani ga inji? Koma ga tukunyarki."

Na koma. Ya sa tsinin wuƙa ya ɓamɓare madannan ɗaya bayan ɗaya, ina jin ƙas ƙas daga madafa. Ya wanke su da fetur kamar fulogi, ya shanya a faifaina kusa da kuɓewa. Da zai mayar, wai ya gano masu ƙerawa sun yi ganganci, haruffa a warwatse. Ya jera su A, B, C, yana rerawa da ƙarfi. Ni da na yi yaƙi da jahilci da girmana, ko a ajinmu ba a yi wannan ba.

Ɗiyata ta danna A, wani harafi ya fito. Ta danna na kusa da shi, ya yi tsalle ya faɗa ƙasa.

"Baffa, ka kashe ni!"

"Bai gama bushewa ba ne," in ji shi, ya tashi babur ya tafi.

Washegari na yafa mayafi, muka shiga motar Jega. Mai shagon gyaran kwamfuta ya shinshina laftof ɗin, ya tambaya ko a tankin mota ta kwana. Ya ce ƙafafun madannan duk sun karye, sabo kuwa sai an aiko daga Kano. Ya jona mata wani kibod mai igiya, dogo kamar allon wanki. A gidan ƙanwata nan Jega ta zauna ta ƙarasa rubutun, ta wuce Aliero, ta samu malamin yana loda kaya a mota. Ya karɓa.