Tuluna Goma na Kaka Hajo

Ƙarfe biyar da minti ashirin na yamma ne, ranar wata Alhamis. Na riƙe lokacin ne domin a makon aka ba ni agogon roba, komai ya faru sai na duba shi. Kaka Hajo ta ɗaga katifata za ta kakkaɓe, sai littafin ya faɗo a buɗe, daidai shafin da ke da zane: da'ira goma, layuka sun haɗa su, kowace da wasu haruffa da ba boko ba, ba ajami ba.

Shekarata goma sha uku, ina kwaleji a Illela. Kawu Isuhu, direban motar siminti a Malbaza, shi ya sayo mini littafin a bakin titi a Yamai. Ba ya jin Faransanci. Ya ga dai yana da kauri, ya ce zai dace da ni. Littafi ne a kan Kabala, ilimin ɓoye na wasu malaman Yahudawa, da Turawan da suka aro daga wurinsu. Sau uku na karance shi ban faɗa wa kowa ba. Ni dama ba na faɗa wa kowa komai.

"Rabi, hatimin wane boka ne wanga?"

Ta danne littafin a hammata, ta ce bayan magariba wuta za ta ci shi.

Lokacin sanyi ne. Da an idar da salla mu jikoki mukan kewaye murhu, dankali na gasuwa cikin toka, Kaka na ba da tatsuniya. Ranar kuwa sai ta ɗora littafin a cinya, gab da garwashi.

"Hwaɗa mini abin da ke ciki. In ban gane ba, shi da itace ɗaya."

Na fara, kamar ina gaban allo. Na ce masu littafin sun ce a farkon halitta an zubo haske cikin mazubai goma. Uku na sama suka jure, bakwai na ƙasa suka fashe, domin kowane ya riƙe nasa bai miƙa wa na kusa ba. Hasken ya tarwatse cikin duniya, aikin mutum shi ne ya tattaro shi da kyakkyawan aiki. Na jero sunayen goman, har da lambar shafi.

"Tsaya, tsaya! Kin kashe labari da lamba. Wagga ai tatsuniya ce, ba a iya ba da ita ba. Ga ta nan, daga nesa ta taho, ƙahwarta duk ƙaya."

"Ta zo mu cire mata!" muka amsa gaba ɗaya.

Wai wani attajiri a Badaguishiri ya sami zuma mai yawa. Ya jera tuluna goma daga kan tudu zuwa gangare, don kowane in ya cika ya zuba wa na ƙasa da shi. Ashe tulunan marowata ne. Kaka ta kumbura kumatu, ta dafe kugu, ta zama tulu na huɗu: "Ni in ba wancan mai ƙaramin baki zumata? Haba!" Ta yi ta kumbura har idanunta suka firfito, sai ta buga tafi: tas! Haka ta bi bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, kowane da muryarsa. Na shida da muryar Kawu Isuhu ya yi magana, irin ta ranar da aka roƙe shi goro. Zuma ta malale cikin rairayi. Tun daga ranar, in ji ta, duk wanda ya gaida maƙwabci ko ya ba baƙo ruwa, ɗigo ɗaya ya tsinto.

Na yi dariya har na zame daga kujera. Duk da haka ban iya haƙura ba.

"Kaka, haske ne fa, ba zuma ba."

"Haske ake lasa? Bar mini zumata."

"To za ki ƙona shi?"

"Ban gama bincike ba," ta ce, ta kulle shi a akwati.

Har sanyi ya wuce, kullum bayan magariba sai ta fito da shi, in yi bayanin babi ɗaya, ita ta mayar da shi tatsuniya. Ranar da na ba ta labarin Turawan da suka ƙare rayuwarsu suna dafa dalma don ta koma zinariya, sai ta riƙe ciki: "Ashe kakanku na da 'yan uwa! Shekara talatin yana son albasa ta zama zinariya, albasa dai ya samu." In na zo wurin da ya saɓa wa addini, takan ja carbi ta ce, "Wanga nasu ne, mu muna da namu. Wuce." Nakan kwana ina ɗokin gobe. Matan maƙwabta suka fara shigowa da tabarminsu, dole na ɗaga murya don na baya su ji. Amma duk ranar da na tambaye ta makomar littafin, amsar ba ta canza ba.

Yanzu falsafa nake karantawa a jami'a. Na ga bayanai masu zurfi a kan mazuban nan goma, amma ko a ɗakin jarrabawa kumatun Kaka nake gani. Na daɗe ina zaton ni ce na koya mata Kabala. Sai safiyar da zan tafi jami'a a Tawa, bayan shekara shida, ta buɗe akwati ta miƙo mini littafin, yana ƙamshin turare da hayaƙi.

"Kaka, da gaske kin yi niyyar ƙona shi?"

"Ranar hwarko, wallahi na yi. Amma shekara goma sha uku kina cika, ba ki zuba ma kowa, ina tsoron ki hwashe mini cikin gida. Da na ga wanga ne ke buɗe bakinki, sai na riƙe shi. Ungo abinki. In kin je can, ki zuba ma na ƙasa da ke."